Yadda Farfesa Inuwa Ya Yi Makokin Goggo da Ranta

A duk faɗin Unguwar Shanu babu wanda ya naɗa Inuwa tela Farfesa. Shi ya naɗa kansa, ya kuma sa aka rubuta da jan fenti a jikin ƙofar shagonsa. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ba ka tarihin agogo. Ɗinki kuwa, in ka kai masa na ƙaramar Sallah, to ka sa ranka a babba.

Rigimar daga aikin gida ta faro. 'Yarsa Sumayya, wadda ke aji shida a firamare, ta zo da lissafin da aka ba su, Farfesa ya ce ta miƙo, wannan ai ba abin ɓata lokaci ba ne. Ya karɓi biro ya cike mata tsaf. Washegari yarinya ta dawo da ƙaton sifili, irin wanda ba ta taɓa samu ba tun da aka sa ta a makaranta.

"Ni za a ba sifili?" in ji Inuwa, yana juya littafin. "Ni? To makarantar da ba ta gane amsar daidai in ta gan ta, 'yata ta gama da ita. A ƙasashen da suka ci gaba a gida ake koyar da yara, na ji a rediyo. Daga yau ni ne hedimasta."

Haka aka yi kuwa. Aka ajiye wa Sumayya benci kusa da keken ɗinki. A makon farko ta koyi cewa kogin Kaduna a Makka yake ƙarewa, kuma Turawa daga wajen kakan Inuwa suka kwaikwayi almakashi. Yarinya ta rame. Kullum da safe in ƙawayenta sun wuce da farin hijabi, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da zare.

Matarsa Harira ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi miya ba gishiri, duk a banza.

"Baban Sumayya, ranar Litinin za a rufe rajistar jarrabawar shiga sakandare. In yarinyar nan ba ta koma ba, shekara guda ta tafi a iska."

"Gwamnati mai zuwa za ta amince da jarrabawar gida. 'Yan takarar majalisa duk ra'ayina suke bi."

"Wanne ne ya faɗa maka?"

"Ba sai sun faɗa ba, a fuskarsu na gani."

"A fosta?"

Nan suka ƙulla yarjejeniya. In ɗan takara ko ɗaya ya buɗe baki gaban jama'a ya ce yana goyon bayan karatun gida, Sumayya ta zauna a benci. In ba a samu ba kafin Litinin, ta koma makaranta. Harira ta ƙara da cewa in ya yi mata wasa, wallahi ƙararsa za ta kai wajen Goggo Atika, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi. Inuwa ya yi dariya har da buga cinya. Goggo tana can wani ƙauye bayan Zariya, gwiwa ta hana ta zuwa ko rijiya, wayarta ma sai an hau tudu take kamawa.

Ya wuce teburin Ɗanasabe mai shayi, abokinsa kuma babban mai ƙaryata shi, ya sanar da majalisar masu shan shayi cewa kafin Litinin zai zaunar da 'yan takara biyu na mazaɓar a gabansa ya yi masu tambayoyi.

"Kai ɗin?" in ji Ɗanasabe, yana kaɗa ƙwai.

"Ni fa. Alhaji Kabir Mai Siminti ni na ɗinka masa rigar ɗaurin aurensa."

"Shi ya sa aka ɗaura ba ya nan, yana jiran riga."

Ya fara da ofishin kamfen na Alhaji Kabir a Badarawa. Tun daga ƙofa yaran siyasa suka tare shi. Ya ce shi Farfesa ne, ya zo jin matsayin Alhaji a kan ilimi. Suka ce madalla, suka kifa masa hula mai hoton Alhaji, suka ɗauke shi hoto yana ɗaga hannu, suka nuna masa hanyar fita. A ofishin ɗaya ɗan takarar, Barista Faruk, ya manta bai cire hular ba. Da ƙyar wani mai rake ya ɓoye shi a bayan baro.

Ana haka aka yi rasuwa a Unguwar Sarki, ya je gaisuwa. Yana zaune sai ga Alhaji Kabir, mutumin da ba a ganinsa sai ta baƙin gilashi, ya tuɓe takalmi ya naɗe ƙafa a tabarma kamar kowa. Bai tashi ba sai ga Barista Faruk shi ma. Inuwa ya dubi wannan, ya dubi wancan, kansa ya kawo wuta. Ashe ɗan takara ba ya zuwa inda za a tambaye shi, amma ba ya taɓa tsallake zaman makoki!

Ran Juma'a da yamma ya ja yaron Alhaji gefe, ya marairaice, ya ce an yi masa rasuwa, gobe da safe ana zama a ƙofar gidansa.

"Allahu akbar! Wa ya rasu?"

Bai shirya wa wannan tambayar ba. Sunan da ke yawo a kansa tun ranar da Harira ta yi masa barazana shi ya faɗo.

"Goggona. Goggo Atika. A ƙauye aka yi jana'iza."

Ya maimaita wa yaron Barista, ya ja masu kunne su biyun cewa magana ce ta manya, kada ta wuce kunnen masu gidansu. A lissafin Farfesa, mutum biyu za su zo, ya yi masu tambaya, a naɗe tabarma, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Harira kuwa ya ce mata rumfa da tabarmin da ya aro na taron 'yan takara ne, wanda a ganinsa ba ƙarya ba ce.

Asabar da hantsi ya fito da babbar riga, yana bitar tambayarsa a zuci. Abin da ya gani ya sa ya kusa komawa ciki. Tabarmi sun cika maƙil. Masu nama, masu faci, 'yan kwamitin masallaci, har da mutanen da ya riƙe wa ɗinki tun bara. Yaran siyasa ai ba su iya ajiye magana ba, sun baza ta a waya tun daren jiya, don a san masu gidansu za su halarta.

Malam Husaini, limamin unguwa, yana tsakiya. Ya dube shi da ɓacin rai.

"Haba Inuwa. A yi maka rashi irin wannan, sai a bakin 'yan siyasa zan ji?"

"Ruɗewa ce, Allah gafarta Malam."

"Zauna. Ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Inuwa, murya can ƙasa.

Ɗanasabe ya matso da jajayen idanu. Shi ya san Goggo, ya sha cin ɗanwakenta. Ya ce yau ko tukunya bai ɗora ba. Ya tambayi me ya same ta.

"Tsufa."

"Ta yi jinya?"

"Kaɗan."

"Kai ba ka je jana'iza ba? Jiya ai a shago ka wuni."

"Ɗanasabe, ana cikin jimami kana bincike?"

Mata kuma sai wucewa suke ta zaure da manyan mayafai, wata da langar ƙosai, wata da bokitin kunu. Jim kaɗan sai kuka ya ɓarke a cikin gida, kuka na gaske, muryar Harira a sama da ta kowa. Gumi ya karyo wa Inuwa. Ya ce a ransa ba komai, da zarar an samu amsa zai yi wa kowa bayani, har a yaba masa dabara.

Sai ga jiniya. Alhaji Kabir ya sauko daga mota da tawagarsa, ya zauna daf da Inuwa har gwiwarsu na gogar juna. Farfesa ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, dama akwai wata 'yar tambaya game da..."

"Salati goma ga Annabi," in ji Liman.

Hannuwa suka tashi. Aka yi salati, aka yi addu'a, aka shafa. Inuwa ya sake buɗe baki.

"Wato batun karatun yara a..."

"Salamu alaikum!" Ƙungiyar teloli ce ta iso. Hannuwa suka sake tashi.

Nan ne Farfesa ya gane abin da lissafinsa ya tsallake. A wurin makoki ba a ƙarasa zance. Duk wanda ya iso sai an ɗaga hannu an yi addu'a daga farko, kuma ga mutane na ta kwararowa kamar ana rabon taki. Barista Faruk ya iso, ya ga abokin hamayyarsa ya riga shi, ya zauna a ɗaya gefen Inuwa, ya roƙi a ba shi dama ya ja addu'a da kansa. Ya ja ta da tsawo. Alhaji Kabir ya ga ba za a bar shi a baya ba, ya ja wadda ta fi ta. Hannun Inuwa har ya sage a sama.

Ana shafawa ya ji an taɓa kafaɗarsa. Sumayya ce, fuska sharkaf da hawaye.

"Baba, hatsari suka yi? Da asuba fa Goggo ta ce wa Umma ta shiga mota."

"Wace mota?"

"Ta zuwa nan. Umma ce ta kira ta a kan maganar makarantata."

Ya dubi bakin layi, ya dubi 'yarsa da ke shessheƙa, sai kunya ta kama shi, don bai taɓa sa ta kuka irin wannan ba. Ya jawo ta ya raɗa mata cewa Goggo na nan da ranta, dabara ce kawai, ta yi shiru. Yarinya ta tsaya tana kallonsa. Ta goge ido, ta juya ta shiga gida. Kafin a ƙirga uku kukan cikin gida ya ɗauke ɗif. Wannan shirun ya fi kukan tayar masa da hankali.

Yanzu dai tsere ne tsakaninsa da motar Zariya. Ya daina jiran sarari, ya kama hannun 'yan takarar biyu ya riƙe gam.

"Ku gafarce ni. Mene ne matsayinku a kan uba ya cire ɗansa daga makaranta ya koyar da shi a gida?"

Barista ya zare hannunsa a hankali.

"Malam Inuwa, nan ba wurin siyasa ba ne, wurin tuna lahira ne."

"Gaskiya ne," in ji Alhaji Kabir. Tun da aka fara kamfen, ranar ce kaɗai aka ji bakinsu ya zo ɗaya.

Suka fara laluben takalma. Inuwa ya ga komai zai zube. Ƙarya dai in ta fara ba ta tafiya ita kaɗai.

"Wasiyya ce!" ya ce da ƙarfi. "Wasiyyar marigayiya ce. Ta ce a koyar da Sumayya a gida, kuma a tambayi shugabanni su sa albarka."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Alhaji Kabir ya dubi yawan mutanen da ke wurin, ya mayar da takalminsa ƙasa, ya miƙe tsaye ya gyara hula.

"To in dai wasiyya ce, ai magana ta canza. Ni na san Goggo Atika, uwa ce a wurina. Ko watan jiya sai da ta kama hannuna ta yi mini wannan zancen. Saboda haka ni Kabir, a gaban jama'a, ina mai cewa ina goyon..."

Keke napep ya tsaya a bakin rumfa.

Sanda ce ta fara fitowa, sannan ƙullin daddawa, sannan wata 'yar tsohuwa gajeriya da tabarau ɗaure da zare. Ta dubi rumfa, ta dubi tabarmi da butoci, ƙullin ya suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi! Wa ya rasu? Harira ce? Ina Sumayya?"

Ɗanasabe ne ya fara ganinta. Ya tsallake benci, ya tsallake kwata, ya bar takalmi ɗaya a wurin. Liman ya cire tabarau ya goge ya mayar. Inuwa kuwa ya ja babbar riga ya rufe kai.

Alhaji Kabir, ganin tsohuwa cikin tashin hankali ga kuma masu ɗaukar hoto, ya taka da sauri ya tare ta.

"Haƙuri za ki yi, Baba. Goggo Atika ce Allah ya yi wa cikawa. 'Yar'uwarki ce?"

Tsohuwa ta ɗaga kai ta dube shi ta saman tabarau.

"Wa ka ce?"

"Goggo Atika. Baiwar Allah, mutuniyar kirki. Ni ɗan gidanta ne."

"Kai ɗan gidanta ne."

"Ƙwarai."

"To ɗan gidana, yaushe na mutu?"

Kai jama'a! Rabin tabarma ya watse. Mai nama ya faɗa kan mai faci, bokitin kunu ya kife a kan takalman tawagar Barista. Waɗanda suka tsaya kuwa dariya ce ta hana su gudu. Goggo ba ta kula kowa ba. Ta taka har inda babbar riga ta dunƙule, ta sa sanda ta ɗage ta.

"Fito, ɗan nema. Kai ka kashe ni?"

"Goggo, bincike ne na ilimi..."

"Inuwa," in ji Liman a fusace, "ka tara Musulmi tun safe muna yi wa mai rai addu'ar mamaci?"

"Ai ba ta ɓaci ba, Malam," in ji Goggo. "Ku ajiye mini, zan buƙace ta. Shi dai ku bar ni da shi."

Daga bayan labulen zaure muryar Harira ta fito, a sanyaye, ta zayyana komai: sifilin, bencin, kogin da ke ƙarewa a Makka, rajistar Litinin, har da wasiyyar da aka ce Goggo ta bari.

"Ni na ce a cire yarinya daga makaranta?" Goggo ta dafe ƙirji. "Ni da na yi shekara huɗu ina jan wannan da kunne zuwa firamare? In shigar da shi ta ƙofa ya fice ta taga! A aji huɗu ya gudu, aka tsinto shi a tasha yana riƙe wa mai kifi faranti. Me aka rubuta a ƙofar can?"

"Farfesa," in ji wani daga baya.

"Farfesan me?"

Kowa ya riƙe ciki don dariya. Inuwa ya yi ƙarfin hali ya miƙe.

"Duk da haka na ci yarjejeniya. Alhaji ya ce yana goyon baya, kowa ya ji."

"Ni?" in ji Alhaji Kabir, yana ja da baya. "Cewa na yi ina goyon, ban faɗi abin da nake goyo ba."

Goggo ta juya kansu su biyun, ta tokare hanyar mota da sanda.

"Tunda kun zo gaisuwata, ku tsaya ku ji ta bakin gawa. Kai ɗan gidana, naka 'ya'yan a gida suke karatu?"

"A'a, Goggo, suna makarantar kwana."

"Kai fa mai baƙar jaka?"

"Suna makaranta, Hajiya."

"To makarantar su Sumayya an ce in ana ruwa yara a tsaye suke karatu, rufi duk ya yaye. Wa zai gyara a cikinku?"

"Ni!" suka ce a tare. Alhaji ya ce siminti nasa ne, Barista ya ce shi har da tagogi. Suka shiga gardamar wanda ya riga faɗa, har suka kai mota suna yi. Ko za a gyara ko ba za a gyara ba, wannan sai bayan zaɓe. Amma dai Unguwar Shanu ta ji matsayinsu, kuma a bakin marigayiya aka tambaya.

Goggo ta zauna a tsakiyar tabarma, ta jawo langar ƙosan sadakarta ta ɗauki ɗaya ta ciza. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, in ta mutu da gaske a gyara.

Ran Litinin da safe aka ga jerin gwano a layin. Sumayya a gaba da farin hijabi, tana tafiya kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Inuwa a tsakiya riƙe da jakarta. Goggo a baya da sanda, daidai yadda ta saba rako shi shekarun baya. Duk shagon da suka wuce sai an leƙo.

"Farfesa, ya haƙuri?"

"Ya ƙarin haƙuri, Farfesa?" in ji Ɗanasabe, wanda har yau bai ga ɗaya takalminsa ba.

Suka isa ƙofar aji, inda Malama A'isha, wadda ta ba da sifilin nan, ta fito ta rungume Sumayya ta ce saura kaɗan a rufe rajista. Nan Farfesa ya gyara wuyan riga.

"Malama, na yi nazari, na ga ya dace in ba makarantarku dama ta biyu."

"Malama," in ji Goggo, "akwai sauran benci a aji huɗu? Ina da wani tsohon ɗalibi da bai ƙarasa ba."

Sumayya ta karɓi jakarta. Har ta sa ƙafa a aji, sai ta dawo da gudu ta kama hannun mahaifinta. Zuciyar Inuwa ta yi sanyi, ya sunkuya don ya ji godiyar da za a yi masa.

"Baba," ta ce a hankali, "don Allah in an ba ni aikin gida, kada ka taimake ni."